Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Ina shekara ta biyu da fara dafa wa 'yan firamaren ƙauyenmu abinci, can gefen Tsanyawa, hedimasta ya tara mu a gindin darbejiya: mu masu girki, da maigadi, da tsohuwar da ke shara. Ya ce doka ta sake. Da malamai kaɗai ake tuhuma, yanzu kuwa duk mai aiki a makarantar da ya ga alamar ana cutar da yaro ya yi shiru, shi ma ya shiga laifi. Na ce, "Malam, mu da tukunya aka haɗa mu, ina ruwanmu da 'ya'yan mutane?" Aka yi dariya. Bakina ke nan, ba shi da birki.

Hedimastan baƙo ne, bai san cikin masu miƙo min kwano har da 'yata ta fari ba. Tun yaye yayar mijina ta ɗauke ta riƙo. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta shiga maganarsa, sai marar kunya. Shekara tara "ke" nake ce mata. In layi ya zo kanta, ludayi nake kallo.

Wata Litinin ta miƙo kwano da hagu. Na daka mata tsawa, "Ke! Wa ya koya miki karɓa da hagu?" Sai ta zaro hannun dama daga cikin hijabi. Innalillahi! Daga yatsu zuwa wuyan hannu fatar ta saɓule, ƙunar ta tsaya a zagaye kamar awarwaro. Ni mai girki ce, na san ƙunar tsautsayi, fantsama take yi. Wannan tsoma hannun aka yi a tafasasshen ruwa, aka riƙe.

Abokiyar girkina ta raɗa min, "Wai tsokar nama ta tsamo daga miya. Gwaggonta ce ta hore ta, ki ja bakinki."

Da la'asar na tarar da mijina yana ɗaure damin gero. Na ce, "Yarinyar gidan Yaya ta ƙone." Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Wadda kika bayar kin bayar. Ranar da kika kai ƙarar yayata, ki haɗa kayanki."

Na yi shiru kwana biyu, wallahi har yau ina jin haushin kaina. Alhamis ba ta zo makaranta ba. Juma'a ta zo tana jan ƙafa, ta ci abincinta a tsaye don zama ya gagare ta. Tsoro ya kama ni, na ga in na bari wata Juma'ar ba lalle ta zo ba.

Na ajiye ludayi na shiga ofis. Ta taga ina hango yayar mijina a bakin ƙofar makaranta, inda take sayar da awara, ta zuba min ido.

Hedimasta ya ɗauko takarda. "Sunan yarinyar?"

Na ce, "Ta gidan mai awara."

"Inna, suna ake rubutawa."

Da na fizgo sunan kuwa, da ƙarfi ya fito, don ban iya raɗa ba. Yarinyar tana tsakar fili ta waiwayo a firgice, ba ta taɓa jin sa a bakina ba. Gwaggonta ma ta ji. Ta rufe farantinta a hankali, ta ɗora a ka, ta kama hanyar gidanmu.