Isaka Joki da Dawakin da Ba Sa Gumi

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da muka ɗauki yayana Isaka daga gidanmu na unguwar Aboabo a Kumasi muka kai shi makwancinsa. Mutanen Zango ba su san shi da sunan mahaifinmu ba. Isaka Joki suke ce masa, wato mahayin dokin sukuwa, ko da yake shekarun da ya yi yana dogara sanda sun fi waɗanda ya yi a kan sirdi yawa nesa ba kusa ba. Ban taɓa zaton zan sa shi a jarida ba, don shi mutum ne da ba ya son a ambace shi inda ba ya nan. Bana dai akwai abin da ya tsaya mini a rai, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni tela ne. Lokacin da ake sukuwa a Kumasi, ni nake ɗinka wa mahaya rigunansu masu launi, ja da ruwan ɗorawa, kore mai ratsin fari, don mai kallo daga nesa ya gane dokin wa ke gaba. Yaya ne ya samo mini aikin. Gajere ne siriri, kamar an auna shi don bayan doki. Masu dawakin yawanci attajiran Asante ne da Kwarori da alhazan goro na Zango, amma masu wanke dawakin da ba su abinci da hawansu kusan duk mutanenmu ne, Hausawa da Zabarmawa da Mosawa. A barga Hausa ake yi, har dawakin ma da Hausa ake lallashinsu.

Wata Asabar da aka kwana ana ruwa, dokin da Yaya ya hau ya zame a kwanar ƙarshe, ya faɗi ya danne masa ƙugu. Ya yi watanni a kwance. Da ya tashi ƙafar hagu ta gajarce, bai sake hawa ba. Amma bai iya rabuwa da barga ba. Kullum da safe yana can, yana kallon ana zagayawa da dawaki, yana ɗaga kofato, yana shinshina harawa.

Daga nan ne zaman Juma'a ya samo asali. Bayan la'asar yakan zauna a bencin wani mai shayi kusa da barga, mutane su kewaye shi su ji yadda yake ganin sukuwar gobe. Direbobi, masu faci, 'yan kamasho, har da akawunan Asante da ba sa jin Hausa, sai an fassara musu da yarensu na Tuwi. Yakan ɗauki dawakin ɗaya bayan ɗaya, ba ya gaggawa. Wannan akawal ɗin, in ji shi, ƙarfi gare shi amma bai cinye dusarsa ba yau da safe, dokin da ya bar abinci kuwa akwai abin da yake ɓoyewa. Wancan kilin jiya aka sauke shi daga mota daga Ankara, babban birnin ƙasar, ƙafafunsa na kan hanya har yanzu. Yakan ce a duba doki kafin a tashi, idan gumi ya riga ya yi kumfa a tsakanin cinyoyinsa tun ba a hau shi ba, to ya gama tserensa a cikin zuciyarsa. A duba kunne, a duba kashi. A duba sama kuma, don jar ƙasar Kumasi in ta sha ruwa takan kama ƙafa, dawakin da aka kawo daga arewa masu siraran ƙwauri ba sa son ta. Mahayi ma yana da nasa: wanda hannunsa ba ya hutawa a kan linzami, ya ce, faɗa yake yi da dokinsa tun kafin ya yi da na wasu.

Ba kullum yake dacewa ba. Akwai ranakun da dokin da ya zaɓa ya zo na ƙarshe, ya sha tsiya har mako ya zagayo. Akwai kuma ranakun da yakan girgiza kai ya ce, "Wannan kam ban sani ba," mutane su yi ta roƙo, ya ƙi ƙarawa.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, yawancin masu sauraronsa ba son doki ne ya tara su ba. Caca suke yi. Shi bai taɓa yankar tikiti ba, bai kuma taɓa karɓar ladan bakinsa ba, sai dai a biya masa shayi. Idan malamai suka yi masa magana yakan ce shi doki yake faɗa, abin da mutum ya yi da aljihunsa tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Da wannan amsar ya zauna shekaru, har ranar da matar wani direba maƙwabcinmu ta zo wurin mai shayin da goyo a bayanta, ta tsaya a gaban maza, ba ta ko yi sallama ba.

"Malam Isaka," ta ce, "kai ba ka caca, kowa ya sani. Amma bakinka ne ke cinye tukunyata kowace Asabar."

Ba ta jira amsa ba ta juya. Yaya ya ture kofinsa gefe. Daga baya ya daina faɗin wanda zai ci, sai dai ya lissafa waɗanda ba za su ci ba, wai ko ya rage asara. Mutane kuwa suka riƙa cire waɗanda ya ambata su zuba a kan wanda ya rage. Ya gane haka, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce mini, "Ko shiru na yi, shirun za su saya." Wannan maganar ta matar bai rabu da ita ba har ya koma ga Allah. Na ji shi yana maimaita ta a kan gadon jinyarsa.

Sukuwar ba rana ɗaya ta mutu ba. Masu dawaki suka riƙa kwashe nasu zuwa Ankara, wasu suka mutu 'ya'yansu suka sayar. Ciyawa ta rufe filin, 'yan tebur suka fara kafa rumfuna a gefe, motoci suka biyo baya. Yau kasuwa ce da tasha. Sunan filin sukuwar kawai ya rage a bakin 'yan kwandasta, suna kiransa ba su san me yake nufi ba. Wani alhaji da zai rufe bargarsa ya bar wa Yaya wata tsohuwar goɗiya da ake kira Marka, saboda a zamaninta ba ta gudu sosai sai a cikin taɓo. Ya kafa mata turke a bayan gidanmu. Amma Aboabo ba wurin doki ba ne. Gidaje suka matse, ciyawa ta yi nisa, sai ya shiga tasi da buhu da lauje ya fita bayan gari da gurguwar ƙafarsa. Maƙwabta suka yi ta ƙorafin ƙuda. A ƙarshe ya ba da ita ga wani mai fataucin shanu da zai koma arewa. Ranar da aka zo ɗaukarta bai fito daga ɗaki ba, ni na riƙe ragamar har bakin mota. Tun daga lokacin jikinsa ya fara saki. Tsofaffin abokansa sukan kawo masa sunayen dawakin da za su yi tsere a Ankara su ce ya zaɓa, ya ce, "Dokin da ban gani da idona ba, ban san shi ba."

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan rubutu. Yaya ya bar ɗa namiji ɗaya, Mumuni, wanda ya haifa da girma, bayan an rufe barga. Mumuni ya koyi gyaran lantarkin mota, aikin bai riƙe shi ba, yanzu yana da mata da 'ya'ya biyu. Watannin baya wani makaniki ya shigo shagona a Dichemso, ya gaishe ni da ladabi, ya ce yana so ya tabbatar ko da gaske ne Isaka Joki ya bar wa ɗansa sirrin dawaki. Ya miƙo mini wayarsa. Sai ga hoton Yaya yana saurayi a kan doki, sanye da rigar da ni na ɗinka, a ƙarƙashinsa an rubuta cewa ɗan Isaka Joki na sayar da lambobin dawakin da za su ci, a tura kuɗi ta waya.

Washegari na shiga toroto, motar haya, na tafi wani shagon caca a unguwar Sofoline, inda aka ce Mumuni yana wuni. Shago ne mai sanyi, talabijin a kowane bango, samari a tsaye ba mai kallon wani. Dawaki na gudu a kan allon, amma ba dawaki ba ne, zane ne na na'ura. Ba su da suna sai lamba. Ana gama wannan tseren a tada wani, ba a ba su ruwa, ba a sauke musu sirdi. Na daɗe ina tsaye ina tambayar kaina me Yaya zai duba a nan. Ba sa barin dusa, ba sa gumi, ruwan sama ba ya taɓa filinsu. Ina jin da yana raye, da ya zauna ya kalle su da gaske, don bai iya raina abu mai ƙafa huɗu ba, sannan ya nemi sandarsa.

Na kira Mumuni waje, na ce ya cire hoton ubansa. Bai yi mini rashin kunya ba, kansa a ƙasa yake.

"Baba Ƙarami, me ya bar mini? Sirdi ba doki. Sunan nan kaɗai ne gadona, shi nake ci."

Na ce masa ubansa bai taɓa faɗin abin da bai gani ba, shi kuwa ƙarya yake sayarwa, tunda ba wanda ya san abin da na'ura za ta fitar.

"Na san ƙarya ce," ya ce. "Amma waɗanda suka bi gaskiyar Baba, sun yi arziki ne? Su ma ai gida suka koma hannu wofi."

Ina da amsa, amma ba ta kai girman tambayar ba, kuma na san Yaya da kansa bai same ta ba. Mumuni ya cire hoton a makon. Sana'ar kam bai bari ba, suna kawai ya canza.

Nakan zauna a bakin keken ɗinkina ina auna abin da ya rage na Isaka. Iliminsa ya tafi tare da shi, don ba dokin da za a gwada shi a kai. Waɗanda suka gan shi a kan sirdi ba su cika benci ɗaya ba. Abin da na tabbatar shi ne, mutum ne da ya san abu ɗaya sani na gaske, bai taɓa faɗin fiye da abin da ya sani ba, kuma da aka nuna masa ɓarnar da ke biyo bayan maganarsa bai kare kansa ba, ya ɗauki nauyin har kabari. Ban sani ba ko irin wannan ana gadonsa.

Ranar Lahadin da ta wuce mun taru a zauren gida mun yi masa addu'a, mu 'yan tsofaffi da limamin unguwa. Ban aika wa Mumuni ba, amma ya zo, a makare, ya zauna a can baya kusa da takalma. Ya kifa wayarsa a kan tabarma. Tun da liman ya fara karatu take kuka tana motsi a gefen gwiwarsa, masu neman lamba ne na sani. Ina kallonsa ta gefen ido. Hannuwansa na sama, bai sauke su ba har muka shafa fatiha. Sannan ya ɗauke ta ya fita.

Allah ya ji ƙanka, Yaya, ya yafe maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, ya shiryi abin da ka bari.