Wilin da Baba Ya Miƙe

Surukina mai miƙe wilin mota ne da na babur, kuma a duk layin gareji “Guduma” suke kiransa. Ni Baba nake ce masa, ina durƙusawa in gaishe shi, amma Allah ya sani ba na ƙaunar mutumin nan. Shagonsa ɗaki ɗaya ne baƙi ƙirin, da uwar maƙera a tsakiya, da gudumomi jere a bango. Tun yana saurayi yake dukan ƙarfe yana miƙewa, shi ya sa ya ɗauka duk abin da ke duniya haka yake. Da duka ya raini 'ya'yansa, har yau babu mai iya ɗaga ido ya dube shi.

Maigidana ne babban ɗansa. A ɗakin gwajin ƙarafa na wata masana'anta yake aiki, kuma ya sayi babur mai wilin maganiziyam, wani irin ƙarfe mara nauyi. Wata rana ya faɗa rami, bakin wilin gaba ya lotse. Da ya dawo gida sai na ga ya yi jugum. Ya ɗauko farantaina ya jera wani kan wani, ya ce haka cikin ƙarfen nan yake: ƙwayoyinsa masu kusurwa shida ne irin saƙar zuma, shimfiɗa kan shimfiɗa. In an tura su ta gefe suna zamewa, amma in duka ya zo ta wata fuska babu hanyar zamewa, sai ƙwayar ta karkace a cikin kanta, daga nan sai tsagewa. In an ɗumama shi a hankali ne wasu hanyoyin ke buɗewa. Wilin da ya lotse haka ma, in ji shi, gara a canza.

Na ce to ya canza mana. Ya ce Baba ya riga ya gani. A gidansu ɗa ba ya kai wili wurin wani alhali ubansa yana raye, ai tonon silili ne a layin gaba ɗaya.

Na bi shi shagon don bakina ya fi nasa kaifi, amma da muka isa ni ma na yi tsit. Maigidana ya durƙusa, murya ƙasa-ƙasa, ya fara cewa wannan ƙarfen yana son ɗumi. Baba ko kallonsa bai yi ba.

“Kai za ka koya mini ƙarfe? Ɗora min shi nan.”

Da hannunsa ya ɗora. Baba ya daka, wilin ya miƙe tsaf, maƙwabta suka yi ta jinjina masa. Maigidana ya san akwai tsagar da ido ba ya gani, duk da haka ya hau, wai kada Baba ya gan shi a motar haya ya tambayi dalili. Wannan ma ina jin haushinsa, ba na ɓoyewa.

Ba a daɗe ba wilin ya dare yana cikin tafiya. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu, har yanzu jan ta yake yi. A asibiti Baba ya tsaya a bakin ƙofa, abin da kawai ya ce shi ne ƙarfen zamani ƙarfen banza ne.

Daga baya mai walda na kusa da shagon Baba ya ba ni labari. Baba ya kwaso ɓaraguzan wilin, ya rufe shago, ya ɗumama guntu ɗaya ya gwada, ya ga ya lanƙwasu salin-alin. Bai ce wa kowa uffan ba, balle ya nemi gafarar ɗansa. Hali zanen dutse.

Kwanan baya mun je gaishe shi, maigidana yana dogara sanda. Muka tarar da wani ya kawo irin wilin nan, Baba yana yi masa faɗa da ƙarfi:

“Wannan ba a dukansa da sanyi. Kowane jaki ya san haka.”

Maigidana ya jingine sandar, ya lallaɓa ya durƙusa da ƙafar nan, ya ce, “Ina wuni, Baba.”