Buhun Geron Gidan su Hauwa

"Malam, ba zai kai kwana ashirin ba," in ji Hauwa, ɗalibata 'yar aji biyar, daga can bayan aji.

Shekarar da tsadar abinci ta matsa wa kowa ce, ina koyarwa a wata firamare kusa da Gezawa. Na gaji da lissafin hadda, sai na kafa doka: duk wanda ya ba da amsa, sai ya kawo dalili.

Ranar na tambaye su: buhun gero kwano arba'in ne, gida yana cin kwano biyu kullum, kwana nawa zai yi? Kowa ya ce ashirin, ban da ita.

Na ce, "To Hajiya, kawo dalilinki."

Ta ce, "Ai in buhu ya shigo gida, sai Inna ta ɗibar wa maƙwabta. Ko ku ma, Malam, da albashi ya makara, ni aka aika gidanku da kwano biyu."

Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa na juya ina ta goge allon da babu komai a kansa.

Jama'a, ni na ce a kawo dalili, kuma ni na ci tuwon. Maki nawa ya dace da yarinyar nan?