Rigar Makiyayi

A masana'antar takarda Makiyayi ake kiran babanmu, alhali ko kaza bai taɓa ajiyewa ba. Abin da yake kiwo ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, a wani ƙaton tafkin siminti bayan masana'antar. Ruwan da aka wanke dafaffen itace da shi nan yake gangarowa, su cinye dattin, sannan a sake shi cikin kogi. Iska ake hura musu ta bututu. In ta yi kaɗan sai su mutu, kuma kafin wasu su taso an yi makonni injuna na tsaye, ma'aikata na zaune a gida.

Shekara ashirin da uku Baba bai san zama ba. A tsaye yake cin abinci, ƙafa ɗaya a waje. Akwai na'urar awo a bakin tafkin, amma ya fi yarda da hancinsa. Ya ce tafki mai lafiya ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi. A wurin Inna kuwa duk wari ne. Daga bakin ƙofa take tare shi: "Malam, cire rigar nan tukuna, kar ka kore mu daga gidan." Da yatsa biyu take karɓa. Ni kuwa haushin tafkin nake ji, don ya fi mu samun uba.

Bara wata muguwar mura ta kama shi. Ta tafi, ta tafi da hancin. Bai gaya wa kowa ba, amma mun gane, don wake ya ƙone ƙurmus yana tsaye a gefen tukunyar bai ce uffan ba. Sai rashin zaman ya ƙaru. Ya zagaya tafki, ya dawo gida, kafin a zuba masa ruwa ya sake fita. Ya rame. Tsoro yake ji ƙwayoyin su mutu a gabansa bai sani ba.

Wata rana ya zo cin abincin rana, Inna ta karɓi rigar kamar kullum. Har ta juya, sai ta tsaya.

"Malam, yau ba irin na kullum ba ne."

"Kamar yaya?"

"Ruɓaɓɓen ƙwai nake ji."

"Na'ura ta ce lafiya lau. Sake shinshinawa, don Allah."

"Ni ban san na'ura ba. Shekara nawa ina wanke rigunanka?"

Da singileti ya fita, ko takalmin bai ɗaure ba. Ashe bututun iska na can ƙarshen tafkin ne ya toshe, nesa da inda na'urar take, ruwan wurin har ya fara baƙi. Kafin la'asar sun buɗe shi. Da ya kwana a haka, da an rasa ƙwayoyin.

Washegari ya dawo da rana, ya cire rigar da kansa, ya miƙa mata ya tsaya yana kallonta. Tausayinsa ya kama ni. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta cusa fuskarta a ciki, ta ja numfashi mai tsawo.

"Dabbobinka suna lafiya," ta ce. "Zauna ka ci abinci."

Baba ya waiwaya yana neman kujera. Bai san inda muke ajiye ta ba.