Mai Fenti da Sakamakon Auta

A layinmu ba wanda yake kiransa da sunansa na gaskiya. Mai Fenti ake ce masa, kuma ko maiɗakinsa, idan tana ba maƙwabta labarinsa, haka take ambatonsa. Sana'arsa rubuta allunan shaguna. Ɗaki ɗaya yake haya a bakin titi, tsakanin shagon mai aski da na mai gyaran waya, kuma tun daga ƙofa warin kananzir ɗin da yake wanke buroshi da shi yake tarbar mutum. Gwangwanayen fenti suna jere a kan kanta bisa launinsu, buroshi kuwa suna tsaye cikin wani tsohon kofi, manya a baya, ƙanana a gaba. Gidana yana fuskantar shagon, saboda haka tun da na ajiye aikin koyarwa nakan tsallaka da hantsi in zauna a bencinsa mu yi hira.

Bai yi nisa a makaranta ba. Yana aji huɗu mahaifinsa ya rasu, kawunsa ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani tsohon mai rubutun alluna, ya ce a koya masa abin da zai riƙe kansa da shi. Tsohon nan yana da doka guda wadda ba ya sassautawa: buroshi ba ya taɓa allo sai an zana masa hanya. Da farko a shafe allon da farin fenti a bar shi ya bushe. Sa'an nan a goga wa zare alli, a miƙe shi daga gefe zuwa gefe, a ja a saki, ya bar layi miƙaƙƙe. Daga nan maigida ya zana kowane harafi da fensir, siriri ƙwarai, yadda sai mutum ya sunkuya zai gani. Aikin mai koyo shi ne ya bi wannan zane da buroshi, kada ya fita, kada ya rage. Mai Fenti ya yi shekaru yana bin zanen tsohon kafin a yarda ya riƙe fensir da kansa, kuma har yau yakan ce ta haka hannu yake koyo, babu wata hanya.

Ya fito da gwaninta, wannan ba gardama. Abin da ya fito da shi kuma, ban da gwanintar, shi ne ƙin karkataccen harafi. Idan muna tafiya a titi ya hangi allon da wani ya rubuta a hagunce, sai ya kau da kai kamar ya ga ƙazanta.

Manyan ƴaƴansa sun tashi lokacin da yake yawon rubutu a jikin manyan motoci, yana yin makonni bai kwana gida ba, don haka uwarsu ce ta yi fama da karatunsu. Ƙaramarsu, wadda kowa yake kira Auta, ita ce ta zo bayan ya zauna wuri ɗaya. Da ta shiga aji ɗaya, sai aka tsara cewa idan an tashi daga makaranta ta wuce shago ta zauna da ubanta, har uwarta ta dawo daga wurin ɗinkin da take yi.

Ranar da aka fara ba ta aikin gida, ta kwanta rub da ciki a kan tabarma, ta fito da harshe gefe, tana ta kokawa da fensir. Mai Fenti ya leƙa ya ga haruffa wasu sun hau sama, wasu sun gangara, wani ma ya juya baya. Ya ce ransa ya ƙi ɗauka. Ya karɓi littafin, ya goge shafin tas, ya feƙe fensirinsa na aiki, ya zana mata haruffan siriri kamar yadda maigidansa yake zana masa, ya ce ta bi. Ta bi, kuma shafin ya fito kamar an buga shi da inji. Washegari ta dawo da jan maki da kalmar yabo a ƙasa. Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Rubutu ya zana, lissafi ma ya zana amsar, ita kuwa ta bi da fensirinta mai kauri har nasa ya ɓace a ƙarƙashi. A wurinsa wannan ba yi mata aiki ba ne, koyarwa ce, domin ai hannunta ne yake tafiya a kan takardar.

Ni duk wannan daga baya na ji shi, domin da rana ina gida ina hutawa. Mai aski kuwa yana gani kullum, kuma bakinsa ba ya shiru. Yakan leƙo da almakashi a hannu ya tambaya ko yau an ba Mai Fenti aikin gida da yawa, ko kuma ya ce idan aka ci gaba a haka, baɗi dole a saya masa wandon makaranta. Mai Fenti yakan ce masa ya koma ya gyara ƙeyar da ya bari a karkace. Uwar Auta ma ta taɓa cewa ya bar yarinyar ta yi da kanta ko da bai yi kyau ba. Ya amsa mata cewa mummunan rubutu ba zai fita daga shagonsa ba, ko a allo ko a littafi. Ta ƙyale shi, ta ɗauka ya fi ta sanin harkar rubutu.

Da shekarar karatu ta ƙare, Auta ta kawo takardar sakamakonta. An yaba ɗabi'arta da tsabtarta. Amma a rubutu da lissafi an sa mata rauni, kuma malamar ajin ta rubuta a ƙasa cewa yarinyar ba ta iya rubuta haruffa da kanta ba tukuna, don haka ya kamata ta maimaita aji ɗaya.

Da hantsi Mai Fenti ya tsallako gidana da takardar a hannu ɗaya, littattafan aikin gida a ɗaya hannun. Ko gaisuwa bai gama ba ya shimfiɗa mini su a kan tebur. Ya ce ni da na yi rayuwata a aji in duba in gaya masa gaskiya, ko yarinyar da ta yi wannan rubutu za a ce ba ta san haruffa ba. Ya ce ajin cike yake da yara, malamar ba ta san fuskokinsu ba, ta ɗauki sakamakon wata ta liƙa wa ƴarsa. Na buɗa littattafan shafi bayan shafi, na ga lalle takardar da littattafan ba su yi kama da na yarinya ɗaya ba. Na ce masa kuskure yakan faru, amma a je a tambaya cikin ladabi kafin a yanke hukunci. Ya roƙe ni in raka shi, na yarda.

Ranar da muka je ita ce aka keɓe wa iyaye masu tambaya a kan sakamako. Barandar ajin cike take da mutane, wasu a zaune a kan benci, wasu a jingine da bango. Mai Fenti ya sa rigarsa mafi kyau, yana riƙe da hannun Auta. Na yi zaton zai jira layi ya zo kansa. Amma da wata mata ta tambaye shi abin da ya kawo shi, sai ya buɗe littafi ya ɗaga sama, ya fara bayani da murya mai ƙarfi. Ya ce malaman yanzu da ido a rufe suke cika takarda, ya ce ana neman a ɓata wa ƴarsa shekara guda a banza saboda lalacin wata. Littafin ya bi hannu hannu, iyaye suna jinjina kai, wasu suna cewa su ma dama ba su yarda da nasu sakamakon ba. Na ja gefen rigarsa, bai ko waiwayo ba.

Malamar ta fito bakin ƙofa. Matashiya ce, muryarta a ƙasa, kuma a fili yake ta ji komai. Ta ce mu shigo. Ta ba ni kujerarta saboda shekaruna, ita ta tsaya. Ta ce ita ma abin ya daɗe yana ɗaure mata kai, domin aikin gida yakan zo da kyau, amma a aji yarinyar sai ta zauna ta zuba wa takarda ido har a tashi. Ta ce ta aika a kira uba ko uwa tun tsakiyar shekara. Mai Fenti ya ce aiki ne ya yi masa yawa, kuma bai ga abin kira ba tunda maki yana kyau. Sai ta ce abu mafi sauƙi shi ne a gwada yanzu a gabansa, in ta yi kuskure za ta gyara takardar da hannunta ta ba shi haƙuri.

Ta zaunar da Auta a bencin gaba, ta ba ta farar takarda da fensir, ta ce ta rubuta haruffa biyar na farko. Auta ta gyara zama, ta riƙe fensirin daidai yadda ya kamata, har na yaba a raina. Ta sunkuya ta duba takardar. Ta karkata ta wajen hasken taga ta sake dubawa. Ta juya bayan takardar. Sa'an nan ta sauko daga bencin, ta zo ta miƙa wa ubanta, ta ce:

"Baba, ba ka zana mini ba."

Malamar ta durƙusa ta tambaye ta a hankali abin da Baba yake zanawa. Auta ta yi bayani da fara'arta, har da nunawa da yatsa: Baba yakan fara yi siriri, ita kuma ta bi a kai, in ta fita layi ya goge su sake. Ta ƙara da cewa Babanta ya fi kowa iya rubutu a duk titinsu. Iyayen da suka taru a taga suna ji. Wata ta yi ƴar dariya ta toshe bakinta da mayafi, matar da ke riƙe da littafin kuwa ta ajiye shi a kan taga ta ja baya.

Ban taɓa ganin mutum ya ƙanƙance a tsaye kamar yadda na ga Mai Fenti a ranar ba. Takardar tana hannunsa, ya rasa inda zai sa ta. Idonsa yana kan farcensa, inda shuɗin fenti ya maƙale duk da wankin da ya yi.

Malamar ba ta rama ba, kuma ina jin wannan ya fi yi masa ciwo. Ta ce yarinyar tana da hankali, hannunta kuma ya saba da fensir, abin da ya rage ta san haruffan a kanta. Ta ce idan ya nace, shugaban makaranta yakan yarda a wuce da yaro aji na gaba a kan gwaji, amma a can ba za a koma baya a koya mata abin da ta rasa ba. Ta bar masa zaɓi.

Da ya yi magana, da ƙyar na ji shi.

"Malama, takardarki daidai take. Kada a canza komai. Abin da na faɗa a waje, ki yafe mini."

Ta ce ba komai. Muka fito ta tsakiyar mutanen nan, suka dare mana hanya, ba wanda ya dube shi ido da ido. A hanya ya ce mini wani abu ya faɗo masa yanzu: ranar da aka kai shi wurin tsohon maigidansa ya riga ya san haruffansa tun daga makaranta, kyansu kawai ya je koyo. Auta tana gaba tana tsalle, tana lissafa mana ƙawayen da za su zauna benci ɗaya a aji biyu.

A gida ya roƙi uwarta ta gaya mata cewa za ta maimaita aji ɗaya. Ta ƙi. Ta ce wanda ya riƙe fensirin shi zai yi wannan magana, ita ɗinki ta sani. Hutun ya kusa ƙarewa yana ɗagawa daga yau zuwa gobe. Shagon ma bai cika zama a ƙofarsa ba, ya mai da teburinsa can ciki. Mai aski, wanda labari ya riga ya kai masa, bai yi zolaya ko sau ɗaya ba, sai dai ya leƙo ya yi sallama ya koma. Mai Fenti ya ce mini da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Daga ƙarshe ya zaunar da ita a kan bencin shago ya gaya mata. Ta yi kuka sosai, ta tambaye shi ko don ita daƙiƙiya ce.

"A'a, Auta," in ji shi. "Ke ba ki yi laifin komai ba. Ni ne ban bar ki kin koya ba."

Ba ta gane ba, ta ci gaba da kuka har ta yi barci a cinyarsa, shi kuwa ya zauna bai motsa ba, buroshin da ya ajiye ya bushe da fenti a jikinsa.

Ranar da aka koma makaranta uwarta ta ce za ta kai ta, ya ce a'a, shi zai kai. Ya so ya zaga ta ƙaramar ƙofar baya inda ba jama'a, amma Auta ta ja hannunsa zuwa babbar ƙofa, domin ta nan ta saba shiga. Suka ratsa iyayen da ke tsaye, wasunsu waɗanda suka ga littafin a hannunsa ne. Ƙawayenta suna layi a gaban aji biyu, ɗaya ta ɗaga mata hannu tana kiranta. Auta ta ɓoye fuskarta a rigar ubanta har suka wuce. A aji ɗaya ta fi kowa tsawo. Ta je ta zauna a bencinta na bara, kusa da wata ƴar ƙarama da ke kukan rabuwa da uwarta. Mai Fenti ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu, ya kasa shiga ya kasa tafiya, har malamar ta zo ta gaishe shi, ta ce masa ya je wurin aikinsa, in an tashi ya dawo ya ɗauke ta.