Ranar da Aka Kankare Bangon Baba

Mahaifina bai taɓa wuce Kano ba, amma a ƙauyenmu Toranke babu wanda ya kai shi sanin kan sarki, 'yan takardun nan masu hoto da ake mannawa a bayan ambulan. Tun yana saurayi, in ya kai gyaɗa Gaya, sai ya ratse gidan waya ya roƙi tsofaffin ambulan. Ya jiƙa, ya ɓare, ya manna a bangon ɗakinsa da ƙaro, tun daga bakin ƙofa har saman gadonsa.

Ba haka kawai yake mannawa ba, bi da bi ne. Na bakin ƙofa kan Sarkin Ingila ne zalla. Gaba kaɗan sai Sarauniya, an matse ta a lungu, an bar wa dalar gyaɗa fili. Daga nan Sarauniyar ta ɓace, sai shanu da tsuntsaye da masunta. Yakan ɗora yatsa ya ce da ni, "Ka ga nan? Nan muka sallami matar nan." Sai ya yi ta dariya har da tari.

Da ciwo ya kwantar da shi, bakinsa ya mutu, ido da yatsun hannu kawai ke motsi. Ya ji jiki ƙwarai. Gwaggo, yayarsa, ta zo daga Ajingi, ta kalli bangon ta ja tsaki.

"Yo ta ina mala'ikun rahama za su shigo, ɗaki fal hotuna? Wallahi ku ne kuka hana shi hutawa."

Na ce, "Haba Gwaggo, ai a ɗakin nan ya yi ta salla duk rayuwarsa."

"Takarda ka fi so ko ubanka?"

Yayana ya ɗauko wuƙa ya fara daga bakin ƙofa. Ƙaro ba ya saki da sauƙi, kowanne sai ya taho da ƙasar bango. Ni ina riƙe da hannun Baba. Idonsa na bin wuƙar, yana matse mini yatsu da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Na san abin da yake faɗa, kowa ma a ɗakin ya sani.

Gwaggo ta ce a bar wani guda mai dalar gyaɗa zalla, ba Sarauniya a kai, tunda babu mai rai a ciki. Sai kuma ta matsa, ta ƙanƙance ido, ta hango ɗan dako da buhu a ka. Shi ma aka kankare. Aka share, aka zuba a murhu.

Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi, don Baba bai rasu ranar ba. Gwaggo ta koma Ajingi, aka yi girbin gero, aka yi na dawa, yana nan kwance. Ni nake juya shi safe da yamma saboda kada bayansa ya yi gyambo. Duk sanda na juya shi wajen bangon, sai ya rufe ido.