Ranar da Surukata ta Karɓi Haihuwata

Haihuwata ta uku a gida na yi ta, a ƙauyen mijina da ke can bayan Sae Sabuwa, lokacin girbin gero. Ba haka aka shirya ba. Tun cikin yana ƙarami nake zuwa awo likita, wato asibiti, malamar da ke duba mu kuma ta ce idan lokaci ya yi in zo in haihu a wurinsu. 'Ya'yana biyu na farko duk sai da naƙuda ta ja ni kwana da wuni, shi ya sa na ɗauka wannan ma za ta ba ni lokacin shiri.

Ranar, mijina ya hau babur tun da safe ya tafi Gidan Rumji cin kasuwa. Mutanen gari, maza da mata, duk sun watse gonaki, yarana ma ƙanwar mijina ta tafi da su. Daga ni sai surukata a gidan. Ina cikin surfe da hantsi na ji marata ta ɗaure. Na jingine taɓarya na jira ta saki, na ci gaba. Da ta sake ɗaurewa sai na ji ruwa yana bin ƙafata. Faya ce ta fashe.

Mijina shi ne ɗan fari a wurin surukata, don haka ba ta faɗin sunansa, ni ma ba ta faɗin nawa. "Yarinyar nan" take ce mini, ni kuma in ce mata Inna. Ba mu taɓa samun saɓani ba, amma duk shekarun da muka yi gida ɗaya ba ta taɓa wuce bakin ƙofar ɗakina ba. Idan tana da magana sai ta tsaya daga waje ta faɗa, idonta yana wani wuri. A lokacin tana zaune gindin bedi, wato darbejiya, tana ɓarar wake. Ta dubi ƙasan da nake tsaye, ta ture ƙwaryar gefe, ta yafa zane ta fita kiran ungozoma.

Ungozomar garinmu tsohuwa ce, sa'ar surukata, tare suka yi 'yanmatanci. Gwaggo muke ce mata. Ta gaji aikin wurin uwarta, daga baya mutanen likita suka kira ta suka ƙara mata horo, suka ba ta ƙaramin akwati mai sabulu da safar hannu da reza da zare. Aikinta a shekarun nan yawanci rakiya ne: ta duba mace, ta sa a ɗaura amalanke, ta bi ta har likita. To amma makonni kaɗan kafin ranar jaki ya firgita da ita a hanyar rijiya, ta faɗo daga amalanke, hannunta na dama ya karye. An yi mata ɗori da karare, ta rataye hannun a wuya da tsohon kallabi.

Haka ta shigo, surukata na biye da ita ɗauke da akwatin a ka. Ta same ni a ɗaki na dafa gado. Ta sa hannun hagu ta lalluba cikina sama da ƙasa, ta tambaye ni tun yaushe, ta tsaya ta ga yadda ciwon ke zuwa yana komawa.

Surukata daga waje ta ce, "In nemo mai amalanke?"

Gwaggo ta ce, "Kan ya riga ya sauko. In aka ɗora ta bisa amalanke, cikin yashi za ta haihu, rana na dukanta. A nan za a yi."

Na kira mijina a waya. Hayaniyar kasuwa ta hana shi ji sosai, sai da na maimaita. Ya ce zai nemo mota ya taho. Na san nisan, na san kuma hanyar, ban sa rai zai iske komai ba.

Gwaggo ta leƙa ƙofa ta ce wa surukata, "Shigo. Hannuna ɗaya ne, ke za ki karɓa."

"Ni? Matar ɗan fari ce fa."

"Na sani, ina nan aka kawo ta."

"Bari in duba maƙwabta."

"Na duba da muna tahowa, kowa na gona. Ajiye kunyar nan bakin ƙofa tare da takalmanki, in an gama ki ɗauki abinki."

Sai na ji surukata ta tuɓe takalman. Ni kaina na ji nauyin abin, na jawo zane ina rufe jiki, amma ciwo na gaba da ya zo ya mantar da ni.

Gwaggo ta sa ta yanke farce, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta sake wankewa, sannan ta zura safar. Aka shimfiɗa leda bisa tabarma, aka ɗora wankakken zane. Na durƙusa na riƙe ƙafar gado. Gwaggo ta zauna a kujera 'yar tsugunne kusa da ni, tafin hannunta na hagu a ƙuguna, tana danna daidai inda ciwon yake. Ba ta ɗaga murya. Idan na fara yunƙuri kafin lokaci sai ta ce, "Tukuna, ɗiyata. Ja numfashi." Idan lokacin ya yi ta ce, "To, yanzu." Tsakanin wannan da wancan tana ba ni ruwa a ludayi in kurɓa. Sau ɗaya na ji ta ce wa surukata, "Buɗe idonki mana, da ido rufe za ki karɓi jikanki?"

Da kan ya fito Gwaggo ta ce in tsaya, kada in ƙara yunƙuri. Wannan ya fi komai wuya, domin jikina gaba ɗaya turawa yake so ya yi. Na ji tana ce wa surukata, "Cibiya ce a wuya. Sa yatsa ƙarƙashinta. Tana da sako-sako? To zare ta ta bisa kai, a hankali, kamar kina cire wa yaro riga." Ni ban ga komai ba, bangon ɗaki kawai nake kallo, inda ruwan damina ya zana layi a jikin yaɓe. Ƙarfina ya fara ƙarewa, hannuna na zamewa daga ƙafar gadon. A nan ne surukata ta kira ni da sunana, sunan yanka, ta ce, "Riƙe da kyau, saura kaɗan." Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar.

Mace ce. Ta faɗo a hannun kakarta, ba ta yi kuka ba. Na waiwayo na gan ta shiru, jikinta ya yi duhu. Gwaggo ta ce a share mata baki da hanci, a kifa ta bisa zane a goge bayanta da ƙarfi. Surukata tana gogawa a tsorace, kamar mai shafa mai. Gwaggo ta sauko daga kujera ta durƙusa, ta karɓi zanen da hannun hagu ta shiga murza bayan da kanta, ɗorin yana bugun ƙirjinta. Can yarinyar ta yi atishawa, ta ja numfashi, ta saki kuka. Surukata ta zauna daɓas a ƙasa tana salati.

Sauran aikin a natse aka yi shi. Aka ɗora mini ita a ƙirji aka lulluɓe mu. Surukata ta ɗaure cibiya wuri biyu da zare, ta yanka tsakani da sabuwar reza. Mabiyiya ta fito ba jimawa, Gwaggo ta sa aka baza ta a tasa ta duba ko wani yanki ya saura a ciki. Daga nan ta zauna tana murza marata tana lura da jini. Ta ce idan bai tsagaita ba, ko a bayan jaki ne sai an kai ni likita. Ya tsagaita.

Bayan azahar mijina ya iso da wata tsohuwar motar haya. Ya tsaya tsakar gida yana tambaya, uwarsa ta wuce shi da tasa a hannu ta ce, "An sauka lafiya," ba ta ko dube shi ba. Ya yi alwala ya shigo ya yi wa yarinyar kiran salla a kunne. Zai sallami mai motar Gwaggo ta hana. Ta ce tun da mota ta zo, a kai mu a duba, ita ma a duba mata hannun, don tun da ta durƙusa yake mata zugi. Muka tafi mu huɗu har da surukata, ga kuma jaririya. Malamar likita ta duba ni, ta auna yarinyar ta yi mata rigakafi, ta riƙe mu har washegari. Ɗorin Gwaggo kuwa ya ɗan goce, sai da aka sake gyara shi.

Surukata ce ta yi mini wankan jego har arba'in. Ita ke dafa ruwan, ta yi mini da ganyen bedi, ta dama kunun kanwa. Gwaggo tana zuwa kowace safiya ta duba cibiya har ta faɗi, ta hana a sa mata komai, ko toka ko man shanu. Hannunta ya warke amma bai koma daidai ba, ba ta iya damƙe abu da shi. Tun daga lokacin, idan aka zo kiranta sai ta biyo ta gidanmu ta yi sallama, surukata ta ɗauki akwatin su tafi. Haka suka yi ta raka matan garin likita har ƙafa ta gagari Gwaggo. Yarinyar yanzu tana lakol, makarantar boko, ɗakin kakarta take kwana.